Wai an soke kafala a Saudiyya? Muhawara kan masu tafiya aikatau

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wani saƙon murya da yake yawo a tsakanin mata, wani ejan ne yake cewa wai Saudiyya ta soke kafala, wato tsarin da yake ɗaure ma'aikaci baƙo a hannun ubangidan da ya ɗauko shi, yanzu mace za ta je aikin gida, in gidan bai yi mata ba ta koma wani, in ta ga dama ta hau jirgi ta dawo, babu mai riƙe ta. A unguwarmu zawarawa har sun fara sayar da gado da firji don haɗa kuɗin fasfo da na gwajin asibiti. Ni dai maganar ba ta kwanta min ba. Mazauna can da masana doka, don Allah ku faɗa mana gaskiyar lamarin.

Alhaji Tela Jidda:
Wa alaikumus salam. Maman Ilham, ejan ɗin nan gaskiyar wasu ya ɗauko ya yafa wa wasu. Gyaran da yake nufi ya fara aiki ranar 14 ga Maris 2021, kuma ya taimaki ma'aikacin kamfani ƙwarai: in ya cika shekara guda zai iya komawa wani kamfanin ba sai ubangidansa ya sa hannu ba, zai kuma iya neman bizar fita da kansa ta manhajar Absher. Amma an cire masu aikin gida daga ciki. Shagala, wato 'yar aikin gida, direban gida, mai kula da lambu, makiyayi, duk ba su shiga ba, domin tun asali ba a ƙarƙashin dokar ƙwadagon ƙasar suke ba, tsarinsu daban ne. To matan da ake kwasa daga Kano da Katsina aikin me za su je yi? Shagala. Igamarsu, wato takardar izinin zama a ƙasar, da sunan mai gida take fita, shi yake biyan kuɗinta, shi yake sabunta ta.

Abin da mutanen gida ba su gane ba shi ne hurub, wato rahoton cewa ma'aikaci ya gudu. In mace ta fita daga gidan, ko da duka ne ya fitar da ita, mai gida yana zaune a falonsa zai shiga waya ya rubuta cewa ta bar aiki. Daga nan wadda ta shigo da biza sahihiya ta kama hanyar zama takari, tana ganin motar 'yan sanda gabanta yana faɗuwa. Duk wanda ya ce muku an soke kafala, ku tambaye shi abu ɗaya: in yarinyar ta bar gidan yau, gobe igamarta tana aiki ko ba ta aiki?

Abu Sudais:
Baba Alhaji, ban musa maka ba, amma mu riƙa faɗin ɓangare biyu. Da yawan waɗanda ake kamawa ba da bizar aiki suka shiga ba, da bizar Umara suka shiga suka ƙi fita. Wace ƙasa ce za ta yarda da haka? Kuma akwai gidaje na mutanen kirki, na san matan da suka gina gida suka aurar da 'ya'ya da aikin nan. Ku yi lissafi: riyal 3.75 ne dala ɗaya, farashin ba ya motsi. In dala tana naira 1,500, riyal ɗaya naira 400 ke nan. Mai ɗaukar riyal 800 a wata tana da naira 320,000, ga ci ga kwana kyauta. Wane aiki ne a Kano zai ba bazawara mai 'ya'ya huɗu, wadda ba ta gama sakandare ba, ko rabin wannan?

Anti Ladi:
Ɗana Abu Sudais, lissafinka daidai ne in ana biya. Ni na je, kuma da bizar aiki na je, ba Umara ba. A filin jirgi aka karɓi fasfona, ban ƙara ganinsa ba. Gida ne hawa uku, ga uwar mai gida kwance tana jinya, ni ce wanki, ni ce guga, ni ce goge-goge, ni ce juya tsohuwa da canza mata shimfiɗa. Da azumi ba na kwanciya sai an gama wanke kwanukan sahur, kafin rana ta yi sama an tashe ni. Hannuna ya tsattsage da ruwan wanke banɗaki, sai na naɗe yatsu da tsumma kafin in iya riƙe dutsen guga. Duk wannan na jure, don aiki na je yi. Abin da ya fitar da ni shi ne albashi. Watannin farko an ce kuɗin ejan ake cirewa. Bayan nan kullum sai "bukura", gobe, gobe. Na kira ejan ɗin da ya tura ni, ya ce in yi haƙuri, daga baya lambarsa ma ta daina shiga.

Da na gudu, 'yan'uwa a unguwar Sharamansur ta Makka ne suka rufa min asiri, ina aikin awa-awa ina samun na aikowa gida, har ranar da aka tare motar da nake ciki. A gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida, aka yi min basma, wato aka ɗauki zanen yatsuna don kada in sake shiga ƙasar, aka sako ni jirgi da abayar jikina da leda ɗaya. Kuɗina na gidan farko har yau suna can. Babu wanda ya tambaye ni, can ko nan, ko akwai mai riƙe min da haƙƙi.

Abu Sudais:
Innalillahi. Anti, Allah ya saka miki. Wannan zalunci ne, addini bai yarda da shi ba, dokarsu ma ba ta yarda ba.

Barista Kaduna:
Gaskiya ne, a rubuce dokarsu ta hana. Riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne a can tun da daɗewa. Sabuwar ƙa'idar masu aikin gida da ta fara aiki a Oktoban 2024 ta ce kada aiki ya wuce awa 10 a rana, akwai hutun yini guda a mako, kuma ba a ɗaukar wanda bai kai shekara 21 ba. Daga Yulin 2024 kuma an fara tilasta biyan albashinsu ta banki ko asusun waya, ƙarƙashin manhajar Musaned, don a samu shaidar biya. Batun hurub ma an ɗan sassauta: ana ba da kwana 60, wadda ta wuce shekara biyu a ƙasar za ta iya komawa wani ubangidan a cikinsu, wadda ba ta kai ba kuwa fita ce kawai. Ku lura da wannan na ƙarshen, domin yawancin matsalar a shekarar farko take tasowa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai kai ƙara. Mace tana cikin gida a kulle, ba ta jin Larabci, wataƙila an karɓe wayarta, kwantiragin da ta dangwala wa hannu ba ta taɓa karanta shi ba. Mai binciken ƙwadago yana shiga kamfani, amma ba ya shiga gidan mutum. Shi ya sa ƙasashen da suka damu da mutanensu ba sa dogara da dokar mai masauki kaɗai. Filifin ta kafe cewa 'yar ƙasarta ba za ta yi aikin gida a ƙasa da dala 400 a wata ba, aka yi ta ja-in-ja har Saudiyya ta daina ɗaukar 'yan ƙasar a 2011, a 2012 ta dawo ta amince. A ƙarshen 2021 Filifin ta sake tsayar da tura ma'aikata saboda cin zarafi da albashin da aka riƙe wa 'yan ƙasarta, ba ta buɗe ba sai Nuwamban 2022. Suna da ma'aikata guda ta musamman don ma'aikatansu na ƙetare, suna tantance kwantiragi kafin mutum ya tashi, in mai gida ya ci amana ejan ɗin gida ake kamawa. Haushin da nake ji ke nan: aiki ɗaya, gida ɗaya, amma albashin shagala ya danganta da irin fasfon da take riƙe da shi.

Malam Na Ƙofar Mata:
Ni a ganina gwamnati ta hana tafiyar nan kwata-kwata. Mace ta bar 'ya'yanta ta je gidan wani ƙato a wata ƙasa ba muharrami, me ake tsammani? A rufe ƙofar, a kama ejan-ejan ɗin, magana ta ƙare.

Barista Kaduna:
Allah ya gafarta Malam, an gwada. Indonesiya ta hana a 2011 bayan an zartar wa wata 'yar ƙasarta mai aikin gida hukuncin kisa ba tare da an sanar da gwamnatinsu ba, a 2015 ta faɗaɗa hanin zuwa ƙasashen Gabas ta Tsakiya da dama. Mata ba su daina tafiya ba, sai dai suka koma bin ɓarauniyar hanya da bizar ziyara da ta Umara, inda ba su da kwantiragi ko kaɗan. Mu da iyakarmu take a buɗe ta ko'ina, in an hana a Kano za a tashi ta wata ƙasar maƙwabciya. Hanin da ya yi amfani shi ne irin na Filifin, wanda aka yi don a matsa lamba a samu sharaɗi, sannan a buɗe.

Kwamared:
Malam, da girmamawa, kafin a rufe ƙofa a tambayi abin da ya kore su daga ɗaki. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, a Yuni aka saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500. Sai da ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka shiga yajin aiki ranar 3 ga Yuni 2024, aka kashe wutar ƙasa baki ɗaya, aka rufe filayen jirgi, sannan a Yuli aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. A lokacin kuɗin ko buhun shinkafa ɗaya ba sa saye. Kuma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Wato mai shara a shago, malamar ƙaramar makarantar kuɗi, mai tuyar ƙosai a gidan abinci, duk babu ruwan dokar da su. Ni na yi aiki a masaƙa a Kakuri lokacin da mata suke cika sashen ɗinki da na tattara zare, suna da katin ƙungiya, suna da asibitin ma'aikata. Masaƙun sun mutu. 'Ya'yan waɗannan matan ne yau suke layi a ofishin fasfo.

Sai kuma abin da ba a faɗa wa masu tafiya: a Saudiyya babu ƙungiyar ƙwadago, yajin aiki haramun ne a doka. A 2016 da farashin mai ya faɗi, kamfanin Saudi Oger ya yi watanni bai biya dubban ma'aikata ba, kamfanin Binladin ya sallami dubbai, har ma'aikata suka ƙona motocin bas a Makka don baƙin ciki. Waɗannan maza ne, a sansani ɗaya, suna ganin juna, amma ba su da hanyar da doka ta yarda su haɗa murya. Indiya sai da ta raba wa 'yan ƙasarta abinci a sansanonin, ta tura ƙaramin ministan harkokin wajenta Saudiyya ya zauna da hukuma. In namiji a kamfani ya rasa yadda zai yi sai gwamnatinsa ta zo, ina ga mace ita kaɗai a kicin?

Maman Ilham:
Kwamared, to ku 'yan ƙungiya me kuka yi musu? Ba na jin ana maganar masu aikatau in ana zaman albashi.

Kwamared:
Hajiya, ƙungiyoyinmu an gina su ne a kan mai albashin wata wanda ake cire masa kuɗin ƙungiya, shi ya sa mai aikatau ba ta da kujera a teburin. Wannan giɓi ne babba kuma dole a cike shi. A matakin duniya dai an fara motsi: ƙungiyar ma'aikatan gine-gine ta duniya ta kai ƙarar Saudiyya gaban Hukumar Ƙwadago ta Duniya a Yunin 2024, kuma tunda aka ba ƙasar gasar cin kofin duniya ta 2034 idon duniya yana kanta, kamar yadda aka sa wa Katar ido kafin 2022. Yanzu ne lokacin da gwamnatocinmu za su iya neman sharaɗi a saurare su.

Amma bari in taɓo inda zai yi mana zafi. Yarinyar da ake kawowa daga ƙauye aikatau gidajenmu na Kano da Kaduna, 'yar shekara goma sha biyu, kuɗinta a hannun dillaliya, tana kwana a kicin, ba makaranta, ba ranar hutu, ita wace doka ce take kare ta? Akwai yarjejeniyar Hukumar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 189 ta shekarar 2011 kan masu aikin gida, Saudiyya ba ta sa hannu ba, mu ma ba mu sa ba. Da wane baki jami'inmu zai je Riyad ya nemi abin da bai ba 'yar ƙasarsa a gida ba?

Alhaji Tela Jidda:
Kwamared ya taɓo gaskiya. Ina so kuma matasa maza masu cewa su kamfani za su je su san cewa ƙasar tana rage baƙi ne da gangan, manufa ce a rubuce. Tun 2011 aka kawo tsarin Nitaƙat, kowane kamfani sai ya cika adadin 'yan ƙasa kafin a ba shi bizar baƙo. A 2013 aka ba da wa'adin gyara takardu, da ya cika a farkon Nuwamba aka fara kame gida-gida, 'yan Habasha kaɗai an mayar da fiye da 150,000. A 2016 aka ce shagunan sayar da waya da gyaranta sai ɗan ƙasa, yaranmu da yawa da suke ci da wannan sana'a suka zauna. Sai harajin iyali a Yulin 2017: riyal 100 a wata kan kowane mutum da yake ƙarƙashin igamarka, yana hawa duk shekara har ya kai 400 a 2020. Mai mata da 'ya'ya huɗu zai biya riyal 2,000 duk wata kafin ya biya haya. Gidaje da yawa a nan suka rabu, uba ya zauna, aka tura iyali gida.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne yaran da aka haifa a can iyayensu ba takarda. Kakanninsu wasu da ƙafa suka zo ta Chadi da Sudan tun kafin jirgi. Yaro ya tashi a Makka, Larabci ne a bakinsa, ba shi da shaidar haihuwa, bai shiga makarantar gwamnati ba, ranar da aka kama shi a sauke shi a Kano, garin da bai san kowa ba.

Ɗan Zango Kumasi:
Baba Alhaji, maganarka ta tuna min da abin da tsofaffinmu suke ba da labari. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar Gana. Mutanen zango da aka haifa a nan, masu fataucin goro da masu aiki a gonakin koko, suka sayar da kaya a wulaƙance suka hau manyan motoci. A Janairun 1983 Najeriya ta Shagari ta yi irin nata, aka kori mutane wajen miliyan biyu, kusan rabi 'yan Gana, da 'yan Nijar da Chadi a ciki. Duka biyun lokacin da tattalin arziki ya karye ne. Don haka in muna maganar Larabawa mu tuna mu ma mun yi wa juna.

Na Damagaram:
Mu nan namu ya fi kusa. Matan Kance a nan Nijar da yara suna tafiya Aljeriya, a kwaso su a zubar a bakin iyaka cikin rairayi, su taka kilomita 15 zuwa Assamaka. Wasu suna hutawa su sake komawa, don damina ba ta ciyar da gida shekara. Jan kunne a rediyo bai taɓa tsayar da kowa ba.

Malam Na Ƙofar Mata:
Na ji hujjojinku, amma ban sauka daga kan cewa tafiyar mace ita kaɗai akwai haɗari ba. In ba za a hana ba, to a hukunta mazan da suke sakin mata da 'ya'ya ba ciyarwa, don su ne suke cika wa ejan layi.

Barista Kaduna:
A wannan muna tare, Malam. Kuma akwai abin da za a iya kama ejan da shi tun yanzu. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce take ba kamfanonin ɗaukar ma'aikata lasisi, duk wanda ba shi da shi ba shi da hurumin tura kowa. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 181 a 2023, wadda ta ce ba a cajin ma'aikaci kuɗin samo masa aiki. A tsarin Saudiyya ma mai gida ne yake biyan kuɗin ɗauko shagala. Ejan ɗin da ya karɓi kuɗi a wajen mai gida, ya karɓa a wajen mace, ya kuma ce a riƙe albashinta na watannin farko, sau uku ya ci. In ya yaudare ta kan irin aikin ko albashin, wannan ya shiga hurumin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, kuma suna da ofishi a Kano. Matsalar ita ce yawanci ejan ɗin ɗan unguwa ne ko wata hajiya da ake jin nauyinta, sai iyali su ce a bar wa Allah.

Anti Ladi:
Barista, tamu ma haka aka ce, a bar wa Allah, don matar da ta haɗa ni da ejan ɗin tare muke zuwa Islamiyya. Malam kuma, Allah ya gafarta maka, in da ba a yi min basma ba, da komawa zan yi, don 'ya'yana uku suna makaranta kuma babansu ko sabulu ba ya aikowa. Sai dai wannan karon ba zan dangwala hannu a takardar da ba a karanta min da Hausa ba. Zan bar hoton fasfona da na kwantiragin a wajen yayana, zan san sunan mai gidan da garin da za a kai ni tun ina Kano, zan haddace lambar wani namu a can ko da an karɓe waya. Abin da nake so daga gwamnati bai fi a samu wani gida a Jidda da Riyad da mace za ta gudu ta shiga ba, inda akwai mai jin Hausa da zai rubuta ƙararta, ya bi mata kuɗinta kafin a sa ta a jirgi.